Makullin Yana Abuja

"Ina za ki, Najaha?"

Daga ɗan akwatin da ke maƙale a jikin ƙofar gida muryar ta fito. Najaha ta yi turus, hijabi har ƙasa, jaka a hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma tallafe da cikinta na wata bakwai. A hankali ta ɗaga kai ta dubi kamarar da ke saman ginshiƙi, baƙin idon nan mai ɗigon ja da ba ya ƙiftawa.

"Ashe kana kallona, Sheri..."

"Wayata ce ta yi ƙara, ta nuna mini an matso kusa da ƙofa. Ina za ki da sassafen nan?"

Muryar mijinta ce, Khalifa, wanda take kira Sheri, wato masoyi, daga can Abuja inda yake aiki. Amma tar take fita, sai ka rantse yana tsaye a bayan ƙyauren.

"Yauri za ni. Yaya Hashimu ya kira ni bayan asuba, ya ce jikin Inna ya tsananta. Tun jiya ko ruwa ba ya wucewa. Sau uku na kira ka ba ka ɗauka ba."

"Ina wanka ne. To, ke da wa za ki?"

"Tasha zan je..."

"Tasha! Da cikin nan? A wannan hanyar mai ramuka, cikin wannan zafin? Kin manta abin da likita ta ce miki? Cewa ta yi ko guga kar ki ɗaga!"

"Uwata ce fa, Sheri!"

"Ni ma uwata ce, wallahi. Ki saurare ni, zuciyata. Jibi Juma'a ina hanya. Ni da kaina zan ɗauki mota mai lafiya in kai ki har ɗakinta. Kwana biyu ne kacal."

"In ba ta kai jibin ba fa?"

"Haba, daina wannan maganar. Ba ga shi watan jiya ma haka aka ce, ta tashi ba?"

Najaha ta matsa jikin ƙofar. Ta miƙa yatsa ta danna koren maɓallin da ke buɗe ƙofar daga ciki. Kafin ta sake shi ta ji wani ɗan sauti daga cikin ƙarfen, ƙit! Koren ya rikiɗe ya koma ja.

Ta sake dannawa. Shiru. Ta kuma dannawa da ƙarfi.

"Ka kulle ni?"

"Kare ki na yi."

"Khalifa!"

Tun aurensu ba ta taɓa kiran sunansa gatsal haka ba. Shi ma ya ji, don nan take muryarsa ta yi ƙasa.

"Ki yi fushi da ni yau, na yarda. Gara fushinki da a sake kirana a ce... Ga motar aiki nan ta zo. Da yamma za mu yi magana, kin ji, 'yar lelena? Ki koma ciki, na kunna miki fanka."

Akwatin ya yi tsit. Daga cikin ɗaki kuwa ta jiyo fankar ta fara juyawa ita kaɗai.

Duk wanda ya san su a Matameye ta ƙasar Nijar ya san auren soyayya ne. Khalifa ya je Yauri, garin su Najaha da ba shi da nisa da Matameye, haɗa wa rijiyar garin faifan sola, Najaha ta kawo wa ma'aikata fura, shi ke nan aikin kwana uku ya koma na kwana tara. A Damagaram ya koyi aikin wayar kuran, wato wutar lantarki. Da ya tafi cin rani Abuja sai ya faɗa hannun masu haɗa wa manyan mutane gidaje irin na zamani, waɗanda fitilunsu da ƙofofinsu da firigonsu duk da waya ake sarrafa su. Hannunsa ya faɗa, har ya zama ba a barinsa ya dawo gida sai da damina.

Bara ne abin ya faru. Ranar kasuwa, rana tsaka, unguwa ba kowa, wasu mutum uku suka hauro katanga. Ɗaya ya ɗora mata wuƙa a wuya, sauran suka kwashe abin da suka kwashe. Da za su fita aka hankaɗa ta, ta faɗi a kan turmi. Cikin wata huɗu ne a jikinta a lokacin. Cikin bai tsaya ba, ya zube.

Sai bayan kwana biyu Khalifa ya iso. Ya durƙusa a gefen gadon asibiti yana kuka kamar ƙaramin yaro.

"Ba na nan, Najaha... ba na nan! Wallahi ba za a sake taɓa ki ina nesa ba."

Daminar nan kaf bai leƙa gona ba. Ya ƙara wa katanga tsawo, ya zagaye samanta da waya mai reza. Ya sa aka ƙera ƙofar ƙarfe mai makullin kuran. Ya jera faifan sola a kan rufi, ya ajiye manyan batura a ɗakin ajiya, ko an ɗauke kuran a gari su gidansu ƙal yake. Fitilu, fankoki, firigo, injin jan ruwa, komai ya haɗa shi da wayarsa. Makullin hannu guda ɗaya da ƙofar ta zo da shi kuwa, ya rataya shi a cikin makullansa ya tafi da shi.

Da farko daɗi abin ya yi mata. In magariba ta yi, sai fitilar ɗakinta ta ƙifta sau uku, ta san shi ne yake gaishe ta. Ta ce masa a waya zafi take ji, kafin ta rufe baki iska ta fara kaɗa labule. Matan unguwa har sallama suke yi don su ga gidan da ke kunna wa kansa fitila.

A hankali tambayoyi suka fara.

"Wace ce ta shigo da la'asar ta daɗe haka?"

"Na ga firigo ya yi minti goma a buɗe, lafiya?"

"Yau ba ki kwanta da rana ba, fankar ɗaki ba ta motsa ba."

Da murmushi yake tambaya, da lallashi. Amma ta wayi gari in za ta ratsa tsakar gida sai ta gyara ɗankwali. Matan unguwa kuma, tun ranar da murya ta gaishe da wata daga jikin bango ta zubar da kwanon miya, suka ɗauke ƙafa.

Inna Balki, mahaifiyarta, sau ɗaya ta zo. Tana alwala injin ruwa ya tashi da kansa, ta yar da buta tana salati.

"Ke 'yar nan, ni fa gidan naku jin sa nake kamar akwai wani a ciki ban da mu."

Kwana biyu ta yi ta koma Yauri.

Yau ga shi ita ma Najaha abin da take ji ke nan. Ta zauna a bakin gado, ba ta cire hijabin ba. Ƙarfe tara daidai injin ruwa ya tashi yana gurnani, ya cika tanki, ya mutu. Firigo ya ci gaba da nishinsa. Ban da su ba motsin komai.

Goma saura wayarta ta yi ƙara. Yayanta ne, Hashimu.

"Kin taso?"

"Yaya... ban taso ba."

"Me kike jira? Najaha, sunanki take ta kira. Idonta a rufe, amma sunanki take kira."

"Ƙofar a kulle take."

"To ki buɗe mana!"

"Ba ta buɗuwa. Daga can ya kulle ta."

Ta ji numfashinsa yana fita da ƙarfi.

"Kira shi yanzu. Ni kuma bari in ari mota, ga ni nan zuwa."

Ta kira Khalifa. A kashe. Ta sake kira. A kashe. Sai a karo na biyar ta tuna. Shekaranjiya ya gaya mata wannan satin a gidan wani babban mutum suke aiki, masu gadi suna karɓe wayoyin ma'aikata a bakin ƙofa, ba a ba su sai ƙarfe biyar na yamma.

Ƙarfe biyar!

Ta fito tsakar gida da saurin da ya fi ƙarfin jikinta. Ta danna jan maɓallin har yatsanta ya yi zafi. Ta jijjiga ƙofar, ko gezau. Ta dubi katanga, rezar da ke samanta tana walƙiya a rana. Ta shiga ɗakin ajiya ta tsaya a gaban baturan da tarin wayoyi ja da baƙi, ta kai hannu za ta fizge, sai ta tuna da bakinsa ya ce mata ko wuta ta yanke gaba ɗaya ƙofar a kulle take zama, don kar ɓarawo ya yi dabara. Da alfahari ya faɗa ranar. Ita ma ta ji daɗi ranar.

Ta dawo gaban kamarar ta ɗaga fuska.

"Sheri... don Allah. In kana gani, don darajar iyayenka ka buɗe mini. Ba zan yi fushi ba, wallahi ba zan yi ba..."

Jan ɗigon yana kallonta. Ta sulale ta zauna a ƙasa, ta jingina da ƙarfen da rana ta fara gasawa. Abin da ke cikinta ya motsa, ya sake motsawa.

Sha ɗaya ta wuce ta ji tsayuwar mota, sai bugun ƙofa.

"Najaha! Ni ne!"

"Yaya, ga ni nan a bayan ƙofar."

"Ya ɗauka?"

"Sai ƙarfe biyar za a ba shi wayarsa."

"Inna lillahi... Bari in nemo tsani."

"Akwai reza, Yaya. Kuma da cikin nan ta ina zan dira?"

Ta ji ya naushi ƙofar, ya yi tsaki, ya tafi. Da ya dawo tare yake da Baba Idi mai walda, dattijon da shagonsa ke bakin titi. Ta gane shi da tarinsa.

"'Yata, ina wuni? Ya mai jiki?"

"Baba, ka taimake ni..."

"Ni na ƙera ƙofar nan," in ji dattijon, muryarsa a sanyaye. "Mijinki ya ce in sa ƙarfen da ya fi kowanne kauri, na sa. Sanduna uku ne a cikinta. Yankan su zai ci awa guda, ko fiye. Ga shi an ɗauke kuran tun safe. Sannan kuma..." Ya yi tari. "Ni tunda nake ban taɓa yanka ƙofar mutum ba a bayan idonsa."

"Uwarmu ce take mutuwa, Baba!" Hashimu ya daka tsawa.

"Na ji, ɗana, na ji. Amma kai ba gidanka ba ne. Ita ce matar gida. In ta ce in yanka, zan yanka."

Najaha ta runtse ido. Tun tana yarinya Inna take karanta mata, mace ba ta taka ƙofar gida sai da yardar mijinta. Ranar da za a kawo ta gidan nan ma maganar ƙarshe ke nan da ta yi mata. Kuma ta san Khalifa, ta san tsoron da ke cin sa, ta ga hawayensa a asibiti. In ta ce a yanka, gari duka zai ji cewa ya kulle matarsa kamar akuya. Da wane ido zai dubi mutane a masallaci?

Amma Inna tana kiran sunanta.

"Baba, ka yanka."

"Kin tabbata?"

"Ka yanka. Ni na ce. Wuta kuma akwai a gidan nan."

Ta shiga ta zare wayar firigo daga bango, domin nan ne kaɗai ta tabbata wuta ba ta yankewa. Hashimu ya wurgo doguwar waya ta saman katanga, ta jona. Injin yankan ƙarfe ya tashi da kururuwa, tartsatsi ya fara fesowa ta ƙarƙashin ƙofar.

Ko minti ɗaya ba a yi ba gidan ya farka.

Jiniya ta ɓarke daga saman rufi, wani irin ihu mai huda kunne. Fitilun gidan gaba ɗaya suka kama, suna kawowa suna ɗaukewa da rana tsaka. Wata jiniyar ta amsa daga cikin falo. Kaji suka watse. A waje ta ji gudun mutane, ana tambayar ko gobara ce, ko ɓarayi ne suka dawo.

"Kashe ta!" Hashimu yake ihu. "Kashe abin nan!"

"Ban san yadda ake yi ba! A wayarsa yake!"

Ana cikin haka ta ji wayarta tana rawa a hannunta. Rashida ce, matar Hashimu, wadda ke jinyar Inna. Najaha ta shige uwar ɗaki ta turo ƙofa, ta toshe kunne ɗaya da yatsa.

"Anti Rashida!"

"Ta buɗe ido, Najaha. Ga ta, yi mata magana. Yi sauri."

Sai wani numfashi mai nauyi, sannan muryar da ta sani tun kafin ta san kowace murya, ta zama siririya kamar zare.

"Auta..."

"Inna! Inna, ga ni nan zuwa, ina hanya!"

"Mijinki... ya bar ki?"

Hawaye suka ɓalle mata. "Ya bar ni, Inna. Yana gaishe ki."

"Madalla. Yaron kirki... Wannan kukan mene ne?"

"Ba komai, mota ce. Inna, ki jira ni, kin ji? Ki yafe mini..."

"Na yafe miki, Auta. Ki saurara, in gaya miki..."

Inna ta ci gaba da magana. Najaha tana jin tashin muryar da saukarta, amma jiniyar ta cinye kalmomin. Ta danna wayar a kunne har ya yi zafi. Ta tura kanta cikin durowar kaya, ta ja zannuwa ta rufe kai.

"Me kika ce, Inna? Ban ji ba! Sake faɗa!"

Muryar ta ƙara yin wasu 'yan kalmomi, ta tsaya.

"Inna, don Allah sake faɗa..."

"Ta gaji," in ji Rashida cikin kuka. "Ku dai yi sauri."

Sandar ƙarshe ba ta yanke ba sai da aka yi kiran azahar. Ƙofar ta wangale, Najaha ta fito cikin hayaƙi da ƙaurin ƙarfe, ta tarar da rabin unguwa a tsaye. Wata tsohuwa ce kawai ta kama hannunta ta kai ta har mota. Suka bar gidan a buɗe yana ta ihu shi kaɗai, Baba Idi ya zauna a bakin ƙofar yana gadi.

Hashimu bai yi gudu ba, saboda cikin. Kowane rami sai ya taka birki ya dube ta. Sun wuce lambunan rake ke nan wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya ɗauka, ya saurara. Ya kife ta a kan cinyarsa, ya ci gaba da tuƙi da hannu biyu.

"Wane ne, Yaya?"

"Ki yi ta salati, Najaha."

Ba ta sake tambaya ba.

Tun daga nesa ta hango tabarmi a ƙofar gidansu, da takalman maza a jere. Ba ta san yadda ta fita daga motar ba. A ɗakin Inna ta samu an gama wanka, an sa likkafani, ƙanshin turare ya cika ko'ina. Rashida ta buɗe mata fuskar. Ta yi fayau, kamar mai barcin rana.

Najaha ta durƙusa da ƙyar, ta ɗora goshinta a kan na uwar. Da sauran ɗumi kaɗan, ko kuwa ita ce take son ta ji haka.

"Na zo, Inna. Ga ni na zo..."

Can ta ɗago ta kama hannun Rashida.

"Anti, me ta ce a ƙarshe? Da take mini magana a waya, me ta ce?"

Rashida ta girgiza kai, hawaye na zuba. "Na fita kiran Malam a lokacin. Na bar mata wayar a kunne. Na ɗauka kin ji."

Bayan la'asar maza suka ɗauki gawar Inna.

Ƙarfe biyar da 'yan mintuna wayar Najaha ta fara ƙara. Ta dubi sunan, ta kashe ta gaba ɗaya, ta tura ƙarƙashin filo.

Washegari da azahar Khalifa ya iso Yauri, da kayan aikinsa a jiki, ko jaka babu. Ta ji shigowarsa, ta ji yana yi wa mata gaisuwa a tsakar gida da muryar da ta dishe. Ta juya fuska bango. Da Rashida ta leƙo ta ce yana son ganinta, ta ce a ce masa tana barci.

Kwana uku yana zaune a tabarmar maza. In an kawo abinci ya ce ya ƙoshi. Hashimu bai yi masa magana ba sai ranar addu'ar uku, bayan mutane sun watse. Daga nan Hashimun ya shigo ya tsaya a kanta.

"Tashi ki je zaure. Ko me za ki gaya masa, ki gaya masa. Mutumin nan zai faɗi."

Ta same shi a tsugune a jikin bango. Ya rame, idanunsa sun yi ja sun faɗa. Da ya gan ta ya yunƙura zai tashi, ya fasa, ya zube gwiwa biyu.

"Najaha..."

Ta zauna a kan dakali, nesa da shi.

"Na gani," ya ce. "Da aka ba ni wayar, na ga kira sittin da wani abu. Na buɗe kamarar, na mayar da ita baya. Na ga kina danna maɓallin. Na ga kin zauna a ƙasa cikin rana. Na ji kina roƙona..." Muryarsa ta karye. "Tun daga Abuja har iyaka ina kallo, ina sake kallo. Na kasa dainawa."

Ta kawar da kai, shi kuma ya ci gaba.

"Na ce ba za a sake cutar da ke ina nesa ba. Ashe ni ne zan..."

"Ta tambaye ni ko ka bar ni," Najaha ta katse shi, a hankali. "Na ce ka bar ni. Na ce kana gaishe ta. Ta ce kai yaron kirki ne. Ƙarya ce maganata ta ƙarshe da uwata, saboda kai."

Ya kifa kai a ƙasa, kafaɗunsa suna rawa.

"Akwai abin da ta gaya mini daga baya. Ban ji ba, jiniyarka ta hana. Har in mutu ba zan san mene ne ba."

"Ki yafe mini. Ko ba yau ba, ko ba bana ba. Na biya ta gida kafin in zo, na ciro komai da hannuna, makullin, kamarorin, jiniyar. In kin ce in bar Abuja, na bari. In kin ce..." Ya ɗago ya dube ta. "In kin ce ba za ki koma ba, ba zan tilasta miki ba. Amma ina son ki, Najaha. Allah ya sani tsoro ne ya yi mini yawa."

"Na sani. Da ƙiyayya ce da ya fi mini sauƙi."

Ta share fuska da gefen hijabi.

"A nan zan zauna har in haihu. Bayan nan ban sani ba tukuna. Kar ka tambaye ni."

"To."

"Kuma ban yafe ba. Ina so in yafe, zuciyata ce ta ƙi."

"To. Zan jira."

A tsakar gida ana kankare tukwanen sadaka. Ta daɗe tana kallon yatsun ƙafarta da suka kumbura, sannan ta ce, "Ka je maƙabarta?"

"Na ji kunyar zuwa."

"Ka tashi ka je. Ka ce Yaya ya nuna maka. Ni ba a bar ni na je ba, ban san inda aka sa ta ba. Ka duba da kyau, ka dawo ka gaya mini."

Ya miƙe yana tangaɗi, ya fita.

Ba ta koma ciki ba. Tana nan a kan dakalin har inuwar zauren ta miƙe, aka fara haramar la'asar. Sai ga shi ya dawo, ƙafafunsa buɗu-buɗu da ƙasa, tafin hannunsa duk ƙaya ta kakkarce shi. Ya tsuguna, wannan karon kusa da ita kaɗan.

"Tana gefen gabas," ya ce. "Ƙarƙashin wata bishiyar gawo babba. Taku huɗu ne tsakaninta da kabarin Babanku. Ƙasar wurin ja ce, mai laushi. Ƙayar da aka sa ta yi kaɗan, na saro wata na ƙara, saboda awaki. Na yayyafa ruwa. Na yi mata addu'a, na gaya mata gaskiya, na ce ban bar ki ba, ke ce kika zo da kanki."

Najaha ta toshe baki da hannu. Kukan da ta riƙe kwana uku ya ƙwace mata, mai sauti, har Rashida ta leƙo ta koma. Khalifa bai taɓa ta ba, ya dai zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta, nasa hawayen suna ɗiga a kan ƙura.

Da kukan ya lafa, ta dubi hannayensa da ke tsattsafar da jini. Ta ɗaga murya, a dishe.

"Anti Rashida... a kawo ruwa da tsumma. In akwai sauran tuwo kuma, a zubo masa."